SHAWARAR WATA: Saida gida yadda shike, ba tare da gyara ba

Damana ta wuce, an yi girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne kuɗi ke ɗan zagayawa a hannun mutane, kuma yanzu ne ake yawan cinikin gidaje. Wani gado ne za a raba. Wani ya koma birni da zama, gidan ƙauye ya zama kango. Wani bashi ne ya taso mashi. Wani kuma ruwa ne ya ɓata mashi gini, ba shi da ƙarfin tada shi.

Damanar 2024 ta nuna ma kowa abin da ruwa ke yi ma ginin ƙasa. A Maradi gidaje masu yawa sun faɗi a ƙarshen watan Agusta. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe ranar 3 ga watan Satumba. Cikin gidajen da ba su faɗi ba, wasu sun tsage, wasu ruwa ya cinye masu gindi. Irin waɗannan gidaje su ma suna shigowa ciniki.

Mai gida sai shi tsaya shina tunani: shi gyara sannan shi saida, ko shi saida yadda gidan shike? Duka biyu hanya ce mai kyau. Saida gida ba gyara ba laifi ba ne, ba abin kunya ba ne. Sau da yawa ma shi ya fi ma talaka sauƙi. Amma akwai hanya ta uku, wadda ke kai mutum gaban mai gari. Ita ce a shafe ɓarna da yaɓe, a kira mai saye a ce mashi gida lafiya lau.

MUTUM BIYU, GIDA BIYU

Ga labarin mutum biyu. Ba a faɗi sunansu ba, ba a faɗi garinsu ba, don irinsu suna cikin kowace gunduma.

Na farko manomi ne. Shina da gida mai zaure da ɗaki uku. Bangon gabas na babban ɗakin ya tsage tun daga sama har ƙasa, har hannu na shiga. Gara kuma ta ci itacen rufi huɗu. Sai ya ji labarin wani makiyayi ya saida bajimai biyu, shina neman gida cikin gari. Makiyayin shina so shi aje tsohuwarshi da yara, don yaran su shiga lakwal, shi kuma shi bi dabbobi.

Manomin ya kwaɓa ƙasa, ya cusa cikin tsagar, ya bi da yaɓe, ya shafa farar ƙasa. Ya kafa tabarmi ƙarƙashin rufin, itacen ya ɓace ma ido. Aikin kwana biyu ne. Da makiyayin ya zo, ya ga ɗaki fari fat. Mai gida ya ce mashi: «Ga gida nan. Yadda ka gan shi, haka na saida maka.»

Makiyayi ya san sa tun daga haƙori har kofato. In aka kai shi kasuwar Badagishiri ko ta Sabon Mashi, ba mai cutar shi. Amma bai san bango ba. Ya biya jika 550, ya kawo iyali, ya koma daji.

Damana ta sake zagayowa. Wani dare hadari ya taso daga gabas, ruwa da iska suka bugi wannan bango. Tsohuwa ba ta barci da nauyi. Ta ji ƙasa na zuba bisa kwanoni. Ta tada yara, ta tura su waje cikin ruwa. Ba su kai zaure ba bangon ya kwanta bisa gadon da suka tashi. Allah ya kiyaye, ba a yi asarar rai ba. Amma awaki biyu da ke ɗaure bayan ɗakin sun mutu, hatsin da aka bar ma tsohuwa ya jiƙe.

Aka aika ma makiyayi, ya baro dabbobi hannun ƙanenshi, ya zo. Magana ta kai gaban mai gari.

Mai saidawa ya ce: «Ranka shi daɗe, ni ban tilasta mashi ba. Na ce mashi yadda ya gani haka na saida. Ruwa kuwa na Allah ne.»

Mai gari ya ce: «Ruwa na Allah ne. Yaɓen fa, na wane ne?»

Aka kira magini. Ya ɗauki guntun bangon da ya faɗi, ya fasa shi gaban jama'a. Daga waje sabuwar ƙasa ce. Daga ciki tsohuwar tsaga ce, ta yi baƙi da hayaƙi, har da tsohon gidan rina. Magini ya ce: «Ranka shi daɗe, wannan tsaga ta girmi cinikin.» Maƙwabci kuma ya shaida ya ga ranar da aka kwaɓa ƙasar.

Mai gari ya juya wajen liman ya ce: «Allah shi gafarta malam, me littafi ya ce?»

Liman ya ce wanda ya san aibin kayanshi ya ɓoye, ciniki bai ɗaure mai saye ba. In mai saye shina so, shi maida gida shi karɓi kuɗinshi. Makiyayi ya ce kuɗinshi shike so. Kuɗin kuwa an riga an ci su, an yi biki, an biya bashi. Dole manomin ya jinginar da gonarshi. Ya koma ma gidan da ya fi da lalacewa, ga kuɗin awaki a kanshi. Har yau in ya kai hatsi kasuwa, sai mai saye ya ce a sake awo.

Na biyu babban wa ne cikin magada shida. Mahaifinsu ya rasu ya bar gida. Shi ma gidan ruwa ya taɓa shi. Ba wanda ke da kuɗin gyara, kuma in ɗaya ya sa kuɗinshi, gobe sai an yi gardamar nawa ya kashe. Suka zauna, maza da mata, suka yarda a saida yadda shike.

Babban wan ya kira magini tun kafin shi kira dillali. Magini ya duba, ya faɗi abin da gyara za shi ci. Ranar da mai saye ya zo, babban wan ya kama hannunshi ya zagaya da shi. Ya nuna mashi tsagar bango. Ya soka wuƙa cikin itacen rufi, gari ya zubo. Ya kai shi bayan gida ya nuna mashi layin da ruwa ya bari a jikin katanga, tsawon gwiwa. Ya ce: «Alhaji, ga abin da na sani. In akwai wanda ban sani ba, ga magini nan, ka tambaye shi.»

Mai saye ya yi dariya ya ce ɗakin bayan ma rushe shi za shi yi, don wurin shike so shi yi shago. Aka yi ciniki jika 430. Aka rubuta takarda, aka raba gado, kowa ya kama gabanshi. Kuɗin bai kai na mutum na farko ba. Amma damana ta zo ta wuce, ba wanda ya buga ma babban wa ƙofa.

YAUSHE YA FI KYAU A SAIDA BA GYARA?

Akwai hali huɗu da saidawa ba gyara ta fi.

1. In kuɗin gyara sai an ci bashi, ko an saida iri, ko an saida san noma ko tunkiya mai ciki. Gida za shi tafi hannun wani. Bai kamata shi tafi da abin noman baɗi ba.

2. In gidan na magada ne da yawa. Gyaran gidan gado shi ke kawo «ni na sa kaza, kai ba ka sa komi ba».

3. In mai gida ba shi zaune a garin. Gyaran aike ba shi yin kyau. Kuɗi su tafi, aiki bai yiwu ba.

4. In mai saye wuri shike so, ba gini ba. Wannan ya fi yawa a manyan garuruwa da bakin hanyar mota da kusa da kasuwa. A Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, mutum kan sayi tsohon gidan ƙasa don shi rushe shi, shi yi na siminti. Wanda ya kashe kuɗi ya yi ma irin wannan gida yaɓe, ya zuba kuɗinshi cikin kududdufi.

Akwai kuma ƙaramin aiki da ya kamata a yi ko da ba za a gyara ba. A share gida. A kwashe juji. A buɗe hanyar ruwa. A gyara indararo. In rufi ya huje a toshe, don kada ɓarna ta ƙaru kafin a samu mai saye. Bangon da ke shirin faɗuwa a tokare shi da itace, a hana yara wasa wurin. Wannan ba ɓoyo ba ne, tsare dukiya ne. Bambancin a fili shike: aikin da mai gida za shi iya nuna ma mai saye da bakinshi, gyara ne. Aikin da ba shi so mai saye shi sani, ha'inci ne.

LISSAFIN KUƊIN

Wanda za shi saida ba gyara, dole shi rage kuɗi. Amma kada shi rage da ka, kada kuma shi bari dillali shi yanke mashi. A yi lissafi. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai, kowane gari da nashi farashi. Jika guda tamma 1.000 ce, wato dala 200.

Da farko a tambaya: gida irin wannan, mai lafiya, a wannan unguwa, nawa aka saida na baya-bayan nan? A ce jika 600.

Na biyu, magini shi faɗi kuɗin gyara, abu-abu:

Rushe bango da sake gina shi: jika 70
Itacen rufi da aikin sa shi: jika 30
Yaɓe ciki da waje: jika 25
Indararo da hanyar ruwa: jika 15
Ɗibar ruwa da abincin ma'aikata: jika 10
Jimla: jika 150

Na uku, a cire: 600 a ɗebe 150, saura 450.

Na huɗu, a tuna mai saye za shi sha wahalar tsayuwa bisa aikin, kuma ba za shi shiga gidan nan da nan ba. A rage mashi wani abu don wannan, a ce jika 20. Saura 430.

To, mai gida ya san inda za shi tsaya. In aka taya 300, shi ce albarka, ba tare da fargaba ba. In aka kai 430 ko kusa, shi sallama. Wanda bai yi wannan lissafi ba, abu biyu ke samun shi. Ko shi riƙe ma 600 har wata damana ta zo ta kada gidan, ko mai wayo shi tsorata shi da maganar tsaga, shi karɓe gidan a rabin kuɗi.

A yi maganar la'adar dillali tun farko: nawa ce, kuma wa za shi biya. In an ba da kafin alƙalami, a faɗi ranar cika sauran kuɗi, a faɗi kuma abin da za a yi in ranar ta wuce.

«YADDA KA GAN SHI» BA TA ISA BA

Mutane da yawa suna tsammani in sun ce «yadda ka gan shi haka na saida», sun wanke kansu. Ba haka ba ne.

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Gaskiya ne, don hujin rariya a fili shike. Aibin da ido ke gani, mai saye ya gani ya yarda, ba shi da bakin magana daga baya. Amma wanda aka saida ma tulu, aka liƙe hujin da ƙasa, ba rariya ya saya ba.

Littattafan da malaman ƙasar nan ke karantarwa, irin su Risala da Muhtasar na Shaihu Halil, sun yi bayanin wannan. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne. Mai saidawa, in ya san aibi, wajibi ne shi faɗe shi, shi siffanta shi, ko shi nuna shi da hannu. Bai isa ba shi dunƙule magana shi ce «gidan duk aibi ne». Sai ya ce ga shi nan, ga girmanshi.

Game da gida, malaman Malikiyya sun kasa aibin da mai saye ya tarar daga baya kashi uku.

Na ɗaya, ƙaramin aibi wanda ba shi rage darajar gida, kamar ɗan ɓantarewar yaɓe. Wannan ba a maida gida, ba a maida kuɗi.

Na biyu, matsakaici, kamar tsagar bango wadda ba a jin tsoron ta kada gidan. Wannan ciniki shina nan, amma mai saidawa shi maida kuɗi gwargwadon aibin.

Na uku, babba, kamar tsagar da ake tsoron ta rushe gida, ko rijiyar gida mai ruwan zartsi a garin da rijiyoyi ke da daɗi. Wannan mai saye shina da zaɓi: shi riƙe, ko shi maida gida shi karɓi kuɗinshi.

Dokar gwamnati ma ba ta yi nisa da wannan ba. Aibin da ke fili na mai saye ne. Ɓoyayyen aibi mai hana amfani da gida, mai saidawa ke ɗaukar shi. In kuwa ya san da shi ya yi shiru, ko an rubuta cikin takarda cewa ba ruwanshi, rubutun ba shi fid da shi.

Saboda haka faɗin aibi ba mai saye kaɗai shike taimako ba. Mai saidawa shike karewa. Duk aibin da aka faɗa gaban shaidu aka rubuta, ya tashi daga wuyan mai saidawa har abada.

ABIN DA ZA A NUNA, ABIN DA ZA A DUBA

Wannan jeri na mutum biyu ne. Mai saidawa shi bi shi don shi san abin da za shi faɗa. Mai saye shi bi shi don shi san abin da za shi tambaya.

Gindin bango. Nan ginin ƙasa ke fara mutuwa. In gindin ya zaizaye ya shige ciki, ko shina fid da farin gishiri, ko ƙasar na marmashewa a hannu, ruwa na kwana wurin.

Tsaga. Ba duka tsaga ke da haɗari ba. Siririya wadda ta tsaya a yaɓe, ba komi. Wadda ta ratsa bango har ana hango haske, ko ta fi faɗi daga sama, ko ta raba kusurwa biyu, wannan babba ce. A tsaya daga gefe a dubi bangon: in ya karkata ko ya yi ciki, sai rushewa.

Bangon gabas. Daga gabas hadari ke tasowa, shi ya fi shan duka. A fara dubawa daga nan.

Sabon yaɓe. In bango guda ko wuri guda ya fi sauran sabunta, a tambayi dalili. In an shafe ginin ƙasa da siminti, a ƙwanƙwasa. Siminti da ƙasa ba su riƙe juna sosai. In ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bangon, kuma ruwa na iya shiga baya shina cin ƙasa ba a gani.

Rufi. A ɗaga tabarma ko buhun da aka kafa. A soka wuƙa cikin itace. Azarar giginya tana jure ma gara, shi ya sa take da tsada, ga shi kuma giginya itace ne da ma'aikatan daji ke tsaro. Sauran itace gara na cin shi daga ciki ta bar ɓawo. A hau bisa a ga ko rufin ya lotsa, ruwa na taruwa. In kwano ne, a shiga ɗaki da rana a rufe ƙofa, huji za shi nuna kanshi.

Hanyar ruwa. Ina ruwan gidan ke fita? Ta gidan maƙwabci? Da yardarshi? Gidan cikin kwari shike, ko bakin kududdufi, ko bisa tsohuwar hanyar ruwa? Bango ana sake shi, amma wuri ba a sake shi. Gidan da ke bisa hanyar ruwa, ko an gina shi da siminti, ruwa za shi dawo. Wannan shi ne aibin da ya fi kowane girma, kuma shi ne ba a gani da rani.

Salga da rijiya. Salga ta kusa cika? Bakinta na zaftarewa? Akwai tsohuwar salga ko tsohuwar rijiya da aka cike aka yi ɗaki a kai? In salga na kusa da rijiya, ruwan sha na cikin haɗari. A ɗanɗana ruwan rijiyar.

Mai saye kada shi tafi shi kaɗai. Makiyayi ba shi aiken magini shi sayo mashi saniya. Haka shi ma, in za shi sayi gida, shi tafi da magini, shi biya shi ɗan abin goro. Shi kuma gaida maƙwabta, shi tambaye su inda ruwa ya kai a damanar 2024. Tsofaffin matan unguwa sun fi kowa sanin wannan. Ba a cinikin biri a sama.

AIBIN DA BA A JIKIN BANGO SHIKE BA

Wani gida ginin lafiya lau, amma rigima ce cike da shi. Wannan ma aibi ne, kuma faɗinshi wajibi ne.

In gidan gado ne, sai duk magada sun yarda, har mata, har matar mamaci, har wanda ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya ko Abijan. A nemi yardarshi ta waya gaban shaidu. In akwai maraya ƙarami, sai da waliyyinshi. In ɗaya daga cikin magada ya saida rabonshi ma bare tun ba a raba gidan ba, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin da baren ya biya su karɓi rabon. Malamai na kiran wannan shufu'a. Gara a tambaye su tun farko.

In gidan na jingina ne, ko an ci bashi da takardarshi, a faɗa. In akwai ɗan haya ko wanda aka ba aro, a faɗi ranar da za shi tashi. In akwai gardamar iyaka, a kira maƙwabta a kashe ta kafin ciniki. Katangar da ke tsakanin gida biyu, a faɗi ta wane ce. Itacen da ke tsakar gida, da ƙofar ƙarfe, da kwanon rumfa, a faɗi ko suna cikin ciniki. An sha ganin mai saye ya zo tarewa ya tarar an ciccire ƙofofi.

A RUBUTA

Shaidu na mutuwa, na ƙaura, na mantuwa. Takarda ba ta mantuwa.

A ƙauye, ciniki shi kasance gaban mai gari ko hardo. Tun dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 aka fara kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo. A garin da ke da kofo, mai gari ne shugabanta, kuma ita ke ba da takardar shaidar saida ƙasa. A birni, inda aka yanka filaye, mai saye shi nemi ganin takardar filin ta asali, shi je meri a tabbatar mashi sunan da ke kanta, sannan a juya ta da sunanshi.

Ban da wannan, a yi takardar aibi. Kowane ɗalibin makarantar yaƙi da jahilci za shi iya rubuta ta. Ga yadda take:

Yau ranar ........ ga watan ........ shekara ........
Ni ........ na saida ma ........ gidana da ke unguwar ........ a garin ........
Iyaka: gabas ........ yamma ........ kudu ........ arewa ........
Kuɗi: jika ........ An biya ........ Saura ........ za a cika ranar ........
Na saida gidan yadda shike, ba zan yi gyara ba.
Na nuna ma mai saye waɗannan aibobi, ya gani, ya yarda:
1. ........
2. ........
3. ........
Ban san wani aibi ba bayan waɗannan.
Ba jingina, ba bashi bisa gidan. Magada duka sun yarda.
Mai saidawa ........ Mai saye ........
Shaidu ........ Magini ........ Mai gari ........

A rubuta aibi dalla-dalla. Kada a rubuta «bango ba shi da kyau». A rubuta «bangon gabas na babban ɗaki ya tsage daga sama har ƙasa». Kada a rubuta «ruwa na shiga». A rubuta «a damanar 2024 ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida». A karanta takardar da ƙarfi kowa shi ji, sannan a sa hannu ko a dangwala yatsa. A yi ta uku: ɗaya ta mai saye, ɗaya ta mai saidawa, ɗaya ta zauna wurin mai gari.

Abu na ƙarshe na mai saye ne. Wanda ya sayi gida ba gyara, ya sayi aiki. Kada shi kashe kuɗinshi duka wajen saye, shi bar na gyara. Shi fara aikin tun da sanyi, lokacin da ake buga tubali kuma akwai ruwa a tabki, don bango shi bushe kafin hadarin farko. Ɗakin da magini ya ce ba shi da lafiya, kada kowa shi kwana ciki, ko dare ɗaya, sai an gyara shi.